Umarni a Kano, Aiki a Doguwa

Duk mai sana'ar kula da kwamfutoci a kudancin Kano ya san hanya ce ke cinye masa riba. Gyaran kansa sau tari bai wuce na minti goma ba, amma kafin hannunka ya kai ga na'urar ka ƙona mai, ka ƙona yini. Bebeji da Kiru da dama-dama, tunda suna kusa da titin Zariya, kana iya fita da hantsi ka yi la'asar a gida. Tudun Wada ta ɗara su nisa. Doguwa kuwa sai ka keta dajin Falgore, mai tazarar kusan kilomita 150 daga birnin Kano, in kuma Riruwai ka nufa, bayan dajin ma da sauran tafiya a cikin duwatsu, a kan hanyar da direbobi ba sa son rana ta faɗi musu a kai.

Na daɗe ina riƙe da wasu 'yan kwamfutoci a wannan yanki. Akwai ta wata makaranta a wajajen Tiga. Akwai ta wata cibiya a ƙasar Kiru da ke koya wa yara amsa tambayoyi a kwamfuta, irin cibiyoyin da suka yawaita tun da JAMB ta daina jarrabawar takarda a 2015. Akwai ta wani Alhaji mai injin gyaran shinkafa a Tudun Wada, wadda ke riƙe da lissafin buhuna da na bashi, sai ta wani dilan taki da maganin feshi a Doguwa. Dukkansu Linux ke kansu, kuma mafi yawan hidimar da nake yi musu daga ɗakina a Kano nake yin ta, ta baƙin allon nan da ba hoto a kansa, sai rubutu tsagwaronsa.

Kowace kwamfuta na raɗa mata suna. In na rubuta ssh kiru na danna Enter, cikin 'yan daƙiƙu sai allona ya koma na waccan kwamfutar, duk abin da na rubuta a nan can zai gudana. In tambaya ɗaya ce tak ba sai na shiga na zauna ba. Rubuta ssh kiru uptime zai gaya mini tun yaushe take kunne, daga nan nake gane ko wuta ta yanke mata cikin dare. Rubuta ssh doguwa df -h zai nuna mini ko ma'ajiyarta ta kusa cika. Umarnin ya tafi, ya yi aikinsa, amsa ta dawo, layi ya rufe.

Wani malamin bincike ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, shi ya rubuta SSH a 1995 a jami'ar fasaha ta Helsinki, bayan an gano ana satar kalmomin sirrin mutane a layin jami'ar. Kafin nan da telnet ake shiga kwamfuta mai nisa, shi kuwa telnet a fili yake ɗaukar komai, har kalmar sirrinka, duk wanda ya kasa kunne a kan layin zai karanta. SSH ya zo ya lulluɓe zancen yadda ba mai gane shi sai ɓangarorin biyu. A 1999 masu OpenBSD suka fitar da OpenSSH kyauta, shi ne wanda kusan kowa ke riƙe da shi yau. Tun 2018 yana zuwa a cikin Windows 10, a wayar Android kuma manhajar Termux na ba da shi. Na sha gyara kwamfutar Tudun Wada da wayata ina zaune a wurin ɗaurin aure.

Dalilin da ya sa na riƙe baƙin allo na bar manhajojin da ke nuno maka fuskar kwamfuta da hoto shi ne sabis. Tsohon ma'aunin allon rubutu harafi 80 ne a layi, layi 24, wato haruffa 1,920, bai kai kilobayit biyu ba ko da allon ya cika maƙil. A garin da wayarka ke nuna harafin E a sama, hoto ba ya motsi, amma rubutu yana lallaɓawa ya wuce. Ga mai shago da ke sayen data da kuɗin cinikinsa, wannan bambanci ne da yake gani a aljihu.

Abu na farko da yankin nan ya koya mini shi ne layi zai yanke. Ba a cewa wataƙila, sai dai a tambayi yaushe. Kudancin Kano ya fi arewacinta ruwan sama, kuma hadarin Doguwa in ya taso ba ya sallama. Wata damina ina tsakiyar sabunta manhajojin kwamfutar makarantar Tiga iska ta taso can, sabis ya ɗauke, allona ya sandare. A tsarin Linux, in layin da ka shigo ta kansa ya mutu, ana aika wa ayyukan da ka tayar sanarwar cewa mai su ya tafi, galibinsu kuma nan take suke tsayawa. Sabuntawar ta tsaya a rabi, wasu fayiloli sababbi, wasu tsofaffi, manhajar gwajin ɗalibai ta ƙi tashi da safe. Da sabis ya dawo, dpkg --configure -a ya ƙarasa abin da aka bari, amma aji guda ya rasa darasin ranar, malamin kuma ya sha tambaya daga shugaban makaranta a kan abin da ba shi da hannu a ciki.

Maganin wannan ya daɗe a duniya. Akwai screen tun 1987, akwai tmux tun 2007. Aikinsu ɗaya: su buɗe maka zama a can cikin kwamfutar mai nisa, zaman da bai dogara da layinka ba. Ka tayar da aiki a ciki, sabis ya ɗauke, aikin na ci gaba abinsa. In ka dawo ka rubuta tmux attach, sai ka tarar da allonka yadda ka bar shi, har da abin da ya gudana ba ka nan. Yanzu ko aikin minti ɗaya ne, tmux nake fara buɗewa. Kwafin lissafin Alhaji kuma da rsync nake jawo shi, domin shi bambancin da ke tsakanin fayil ɗin can da na nan kawai yake ɗaukowa, in kuma ka sa masa -P, layi ya yanke, daga inda ya tsaya zai ɗora. Akwai kuma mosh, wanda Keith Winstein ya fitar a jami'ar MIT ta Amurka a 2012 musamman domin layi mai yankewa. Da shi, ko na sauya daga layin wannan kamfani zuwa na wancan, zamana bai mutu ba. Wata 'yar dabara da na so a ce kowa ya sani: in allon ssh ya sandare, ba sai ka rufe tagar ba, danna Enter, ka buga alamar ~ sannan ɗigo, zai sake ka.

Kai wa ga kwamfutocin ma wani aiki ne. Layin waya da ƙananan modam ɗin da ake sa wa sim galibi ba sa ba kwamfuta adireshin kanta da za a iya kira daga waje, mutane da yawa ne ke fita ta adireshi guda. Don haka ni ba na iya ƙwanƙwasa wa kwamfutar Doguwa kai tsaye. Ita ce ke kira. Na kama hayar wata ƙaramar saba a Jamus, kowace kwamfuta da ta tashi sai ta buɗe hanya zuwa can da ssh -R, wata manhaja mai suna autossh kuma ta riƙa sake buɗewa duk sanda ta rufe. Ni ma in shiga sabar, mu haɗu a can. Ke nan umarnin da na buga a Kano sai ya gangara kudu, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, ya juyo, sannan ya isa Tudun Wada. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta, har harkar banki ta tsaya wa mutane da yawa. A 'yan kwanakin nan shiga kwamfutocina ya zama sai an yi sa'a. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne babu ko ɗaya cikinsu da aikinta na yau da kullum ya rataya a kan sabar Jamus. Yaran Kiru sun ci gaba da gwajinsu, domin tambayoyin na cikin ɗakin, Alhaji ya ci gaba da shigar da buhunansa. Ina ganin wannan wajibi ne ga duk mai kafa wa mutanen karkara na'ura: hanyar da kake bi ka shigo taka ce, kada ka ɗaura cin abincinsu a kanta. Mutanen Zamfara sun ga haka a Satumban 2021 lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya.

Sai batun sanin inda kake. Baƙin allo iri ɗaya ne ko'ina. In ka buɗe tagogi uku, ɗaya taka, ɗaya Kiru, ɗaya Doguwa, ba abin da ya raba su sai ɗan sunan da ke farkon layi, wanda ido ke saurin daina gani. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab da ke aiki cikin dare ya ba da umarnin share ma'ajiyar bayanai a kan babbar sabar kamfanin, yana zaton a kan ta biyu yake. Kafin ya tsayar, kusan gigabayit 300 sun tafi, kamfanin ya yi asarar bayanan kusan awa shida. Ƙwararre ne, a kamfanin ƙwararru. Shi ya sa na ba kowace kwamfuta launinta: Kiru kore, Tiga shuɗi, Doguwa rawaya, ta Alhaji mai lissafin kuɗi ja wur. Kuma kafin duk umarnin da ke sharewa ko kashewa, sai na buga hostname na karanta amsar da baki.

Akwai wani tarko ƙarami da nake nuna wa duk wanda nake koya wa. Rubuta ssh kiru "echo $HOSTNAME" da alamar zance biyu-biyu, sunan kwamfutarka ta nan zai dawo maka, domin taka ce ta cike gurbin kafin saƙon ya tashi. Rubuta shi da alamar zance ɗai-ɗai, ssh kiru 'echo $HOSTNAME', sai sunan ta Kiru ya fito. A wannan misali ba a yi asarar komai ba. Amma in gurbin sunan folda ne da za a share, kuma a kwamfutarka babu komai a cikinsa, umarnin da zai isa can ba shi ne wanda ka yi nufi ba, kuma kwamfuta ba ta tambayar nufi.

Mafi hatsarin umarni shi ne wanda ke taɓa hanyar da kai kanka ka bi ka shigo: katangar tsaro, saitin intanet, ko saitin ssh ɗin. Masu WhatsApp za su tuna Litinin 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke daga wajen la'asar har dare ya yi nisa, kusan awa shida. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa wani umarni ne da aka bayar yayin duba layukansu ya katse haɗin cibiyoyinsu gaba ɗaya, har kayan aikin da injiniyoyi za su gyara da su daga nesa suka tafi tare, dole aka tura mutane da ƙafarsu zuwa inda na'urorin suke. In haka ta sami masu wannan dukiya, ni da ke da dajin Falgore tsakanina da kwamfutata ban ga ta wasa ba. Kafin in taɓa katangar tsaro, nakan fara da shutdown -r +15, wato kwamfutar ta sake tashi da kanta bayan minti goma sha biyar. Sai in yi canjin ba tare da na adana shi dindindin ba, in buɗe sabuwar taga nan take in gwada shiga, tsohuwar kuma ina riƙe da ita. In na shiga, sai in soke da shutdown -c in adana. In na rufe wa kaina ƙofa, sai in jira, ta sake tashi da tsohon saitinta. Haka nan duk kwamfutar da na kafa sai na shiga saitin BIOS na sa ta riƙa kunna kanta da zarar wuta ta dawo, domin babu umarnin ssh da ke isa ga kwamfutar da ke kashe.

A nan ne mutumin da ke can yake shigowa, kuma shi ne rabin aikin. A shagon Doguwa akwai wani matashi mai rubuta rasit, ya gama sakandare. Wata safiya ta hunturu kwamfutar ta ƙi bayyana, na kira shi.

"Ƙanena, duba mini akwatin nan na ƙarƙashin tebur, fitilarsa na ci?"

"Tana ci, Malam, kore."

"To ɗan farin mai sim fa?"

"Shi ja yake nunawa. Jiya Maigida ya zare sim ɗin ya sa a wayarsa, nasa ya ƙare."

Minti biyu suka warware abin da zan kwana ina laluben sa a baƙin allo ban gani ba. Tun daga lokacin kowane wuri na manna takarda a bango, da Hausa, da manyan haruffa: wace fitila ce ke nufin me, wane maɓalli ake dannawa, wanne ne ba a taɓawa, me za a duba kafin a kira ni. Na kuma sa wa wayoyin tef mai launi, don in na ce "zare mai jan tef" ba sai mun yi ta kwatance ba. Wanda ke tsaye a gaban na'ura yana ganin abin da ba na gani, saboda haka ba na yi masa magana kamar ɗan aike. In na yi masa bayanin dalili sau ɗaya, karo na gaba shi ke kirana da amsar a hannu.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma ssh bai ƙaryata su ba. Umarnin sensors zai gaya mini kwamfutar Tudun Wada ta yi zafi, amma ba zai gaya mini ƙurar ɓuntun shinkafa ce ta toshe mata fanka ba, ko zanzaro ne ya yi gini a bayanta. Ba zai nuna mini an jona cajin wayoyi goma a kan inbatar da aka saya domin kwamfuta ɗaya ba, ko batirin sola ya fara kumbura. Akwai lokacin da ta Kiru ta riƙa ƙin sabuntawa, na buga date sai na ga agogonta ya koma shekaru baya. Ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon cikinta ne ya mutu, shi kuma sai da hannu ake canza shi. Don haka ina zagayawa kafin damina da kuma bayan hunturu, da buroshi da abin hura iska. Abin da baƙin allo ya rage mini shi ne tafiyar gaggawa, ya bar mini tafiyar da na shirya.

Ban yarda da kalmar sirri a wannan aiki ba. Duk wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin auth.log na sabar da ke fuskantar intanet ya ga yadda na'urori daga ko'ina a duniya ke gwada root da admin dare da rana, ba don sun san ka ba, kowace ƙofa suke taɓawa. Da ssh-keygen nake ƙera abu biyu masu tafiya tare, kamar kwaɗo da ɗan makullinsa: kwaɗon in rataya shi a kowace kwamfuta, a fayil ɗin authorized_keys, ko wa ya gan shi ba komai, ɗan makullin kuwa ba ya barin kwamfutata, shi ma da kalmar sirrinsa a kai. Daga nan sai in rufe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya.

Amma makullin nan nauyi ne. Wanda ke da ikon root a kwamfutar Alhaji yana iya ganin wa ake bi bashi, nawa ne, tun yaushe, alhali a gari irin Tudun Wada sunayen nan mutane ne da ake haɗuwa da su a masallaci da kasuwa. Kuma yana iya shiga da tsakar dare ba wanda ya ji motsinsa. An taɓa kirana daga cikin dangin wani da nake yi wa aiki, ana so in "ɗan leƙa" in faɗi abin da ya shigo a wata. Na ce a tambayi mai dukiyar, in ya ce in buɗe, a gabansa zan buɗe. An ji haushina, na kuma yarda a ji. Ƙa'idata ita ce ba na shiga kwamfutar kowa sai na sanar da shi, ko da saƙon waya ne, in na gama kuma in rubuta abin da na taɓa. Na zaunar da Alhaji na nuna masa umarnin last, mai jero duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa. Ya ce, "Injiniya, ai na yarda da kai." Na ce, "Na gode, Alhaji, amma gobe wani ne zai riƙe, gara a ce kun san inda ake dubawa." Na kuma nuna wa ɗansa layin da kwaɗona yake a authorized_keys, domin ranar da muka rabu su goge shi da hannunsu. Ina jin takaicin yadda masu sana'armu da yawa ke barin wa kansu ƙofa a kwamfutocin mutanen da suka daina yi wa aiki, masu kayan ba su ma san akwai ta ba.

Matashin Doguwa yanzu yana da Termux a wayarsa. Na buɗe masa asusu nasa a kwamfutar shagon, marar ikon sudo, ya fara da uptime da df -h da date, yana turo mini abin da ya gani kowace Asabar. Da ya ƙware na ba shi izinin umarni ɗaya tak na manya, sake tayar da manhajar rasit in ta maƙale, na rubuta shi a fayil ɗin sudoers da sunansa. Watan jiya shi ya lura ma'ajiya ta haura kashi 90 cikin ɗari, ya bi sawu da du har ya gano tsofaffin kwafin ajiya ne suka taru, ya kira ni kafin ya taɓa komai. Abin da muke kai yanzu shi ne rsync, kuma na ce masa duk umarnin da zai rubuta ya fara sa masa -n, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da an aikata ba, ya karanta jerin har ƙarshe, sannan ya cire harafin ya sake bugawa.